Kwana Uku a Bisa Bagazam

A watan Afrilu, idan wuta ta ɗauke a Ƙofar Kware, ɗaki ba ya shiguwa. Bango yakan yini yana shan rana, da dare ya amayo ta. Maza su fito da tabarmi ƙofar gida, mata da yara su baje a tsakar gida, a yayyafa wa ƙasa ruwa, a kwanta ana fifita har Allah ya kawo barci. Zafin Sakkwato a wannan wata yakan haura digiri 40, kuma babu wanda zai ce maka sabon abu ne. A irin wannan dare ne ɗana na fari, wanda ke aji biyar a sakandare, ya ji ina gaya wa maƙwabcina cewa na taɓa kwana a inda ruwan buta ya daskare kafin asuba. Ya ɗago kai daga tabarma ya ce, "Baba, a Turai?" Na ce masa a'a. Hanyar da ta bi ta gaban gidanmu ce ta kai ni, ban hau jirgi ba, kuma ban daina jin Hausa ba har na dawo.

Tambayar nan ta tsaya mini a rai. Yaron bai yi wauta ba, abin da muka nuna masa ne ya faɗa. A iya saninsa, sanyi da tsauni da tanti da jakar goyo duk kayan Turawa ne, a talabijin ake ganinsu. An haife shi a bakin ƙofar da ayari ya daɗe yana shiga yana fita, amma bai taɓa kwana ɗaya a wajen gari ba. Ra'ayina, wanda na jima da shi, shi ne sauka a zango sana'armu ce ta gado, mu muka sake ta da hannunmu, kuma sakin ya jawo mana asarar da ta wuce ta shan iska.

Ƙofar Kware ɗaya ce daga ƙofofin ganuwar da Muhammadu Bello ya soma ginawa a 1809, lokacin Sakkwato tana sabon sansani a kan tudu. Arewa take duba. Ganuwar ta tafi, suna ya rage, sai hayaniyar 'yan kabu-kabu da motocin albasa. Amma hanyar tana nan inda take: ka gangara fadama, ka haye gulbi, ka wuce Kware da Gwadabawa, ka isa Illela, ka taka Ƙonni, daga nan Tawa, Abalak, sai Agadas. Ta wannan fuska raƙuman Abzinawa suke saukowa da kantun gishirin Bilma da dabino, su koma da gero da turkuɗi. Can Agadas ɗin Shehu Usmanu ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru yana matashi mai neman ilmi. Gobirawa har gobe suna cewa daga Abzin kakanninsu suka taso. Wanda kuwa ya tashi a gidan da ake ɗaure doki ya ji ana yabon ɗan Bagazam. To Bagazam ɗin nan asalinsa sunan dutse ne, Abzinawa suna ce masa Bagzan, kuma ƙololuwarsa mai tsayin mita 2,022 ita ce wuri mafi bisa a duk ƙasar Nijar.

Wanda ya ja ni can wani dattijo ne da ya yi gadin shagon hatsi a unguwarmu. Farin 1984 ne ya koro shi kudu bayan bisashensa sun ƙare. Mutanen unguwa Buzu suke ce masa, shi dai bai taɓa musu ba, amma in ka zauna da shi zai gaya maka shi Ba'abzine ne, ɗan dutse. Mu samari Baba muke kiransa, muna kewaye 'yar butar shayinsa bayan lisha. Duk bazara sai ya ce, "'Ya'yana, garin nan naku tanderu ne. Mu can yanzu haka da lulluɓi ake kwana." Da tsufa ya kama shi ya koma gida, ya bar mini sallahu cewa in Allah ya hore mini in zo in gane wa idona. A Disambar 2005, tsakanin salloli, na shirya. Kakata ta riƙe haɓa ta ce, "Kai angona, mi kaka biɗa bisa dutsi wanda babu ƙasa? Can wurin iskoki na." Na ce mata zumunci za ni. Ta yi mini addu'a, ta ƙulla mini guzurin ƙuli-ƙuli da yaji.

Kwana biyu na yi kafin Agadas, sannan yini guda a bayan motar da za ta ɗauko albasa daga lambunan Tabelot, a gindin dutsen. Daga nan sai ƙafa. Jakuna biyu muka ɗora wa kaya, jikan Baba ya shige gaba, muka kama hawa bayan sallar asuba. Turba ce siririya tsakanin manyan baƙaƙen duwatsu, wani wurin jaki sai ya tsaya ya duba kafin ya ɗora kofato. Ni ɗan fadama, kafin hantsi numfashina ya soma yankewa, gwiwa tana rawa. Yaron ya juyo ya ce, "Malam, kada ka yi tsere da dutse. Taka kaɗan-kaɗan, amma kada ka zauna." Wajen azahar muka kai.

Na zaci tsini zan tarar. Ashe wata ƙasa ce shimfiɗe a bisa, da ƙauyukanta, da masallatanta na dutse, da garkunan awaki, da lambuna inda raƙumi ko sa ke jan guga daga rijiya, ruwa yana bin 'yan magudanai zuwa fangulan alkama da albasa da tafarnuwa. A gefen ƙauyen su Baba mutanen gari suka keɓe wani fili don baƙi, irin wanda mutanen Nijar ke kira kampama. Abin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba: bukkoki huɗu na tabarmar kaba, 'yar katangar dutse iya ƙugu mai tare iska, murhu, salka biyu a rataye, makewayi can nesa a gangare, da sharerren wuri inda mai tanti zai kafa. Babu lantarki, babu famfo, babu ƙofar da ake sa wa kwaɗo. Mutum goma sha biyu sun cika shi. Baba ya so in sauka a gidansa, na roƙe shi ya bar ni a zangon, ya yarda bisa sharaɗin daga gidansa za a riƙa kawo mini akushi.

Rana na faɗuwa sanyi ya sauko kamar an buɗe masa ƙofa. Masana yanayi sun auna cewa duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Sakkwato tana wajen mita 300 daga doron teku, ke nan tsakaninta da ƙololuwar Bagazam akwai ratar digiri goma ko fiye, tun ba a sa lissafin hunturu ba, da busasshiyar iskar hamada wadda ba ta riƙe ɗumin rana da dare. Daren farko na tara barguna biyu a kaina, na kwanta a kan tabarma ɗaya, har asuba ban runtsa ba. Da safe mai kula da zangon ya duba shimfiɗata ya ce, "Malam, ta ƙasa sanyi yake shigar mutum. Ninka ɗaya ka kwanta a kai, ka rufa da ɗaya." Na bi maganarsa, daren biyu na yi barci har da munshari. Shi ya nuna mini yadda ake turbuɗe buta a gefen toka mai ɗumi tun da dare, don a sami ruwan alwala da hannu zai iya taɓawa. Butar da na manta a waje kuwa, ita ce wadda na ba ɗana labari.

Na tafi da wake daga Sakkwato a matsayin tsaraba. Matar gidan Baba ta karɓa da godiya, amma ta ce a nan wake itace yake ci. Daga baya na gane dalili. A tsayin mita 2,000 ruwa yakan tafasa tun a wajen digiri 93, bai kai 100 ba, saboda nauyin iska ya ragu. Tukunya tana ta ɓararraka, amma zafinta bai kai na tukunyar fadama ba, sai girki ya daɗe, itace ya tafi. Itace kuwa a can dukiya ne. Shi ya sa abincin matafiyansu ya zama gurasar da ake turbuɗewa cikin yashi mai zafi a ƙarƙashin garwashi, da furar gero da aka daka da cuku da dabino, wadda ba ta neman wuta ko kaɗan. A zangon busasshen itace kawai ake tsinta, guda uku sun isa girki, garwashinsu ya dafa shayi, tokarsu ta ɗumama buta. Kwano da yashi ake fara goge shi kafin a ɗauraye. Makewayi an haƙa shi nesa da rijiya, kuma ƙasa da ita, don kada damina ta haɗa su. Gwangwani da batir da leda duk a buhu suke, jaki ya sauka da su. Ban ga allo ko ɗaya da aka rubuta doka a kai ba. Wurin ne ƙarami, kowa yana ganin hannun kowa, kuma wanda ya ɓata ruwa ya san bakin wa ya hana sha.

Sai dare. Zara ta fito da magariba kamar an rataye fitila, can kuma Kaza da 'ya'yanta suka hau tsakiyar sama, na tsaya na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, abin da ƙurar gari da fitilun gari ba su taɓa bari na yi ba. Babu ƙarar janareto, babu rediyon maƙwabci. Jaki ya yi kuka a wani ƙauye mai nisan tafiyar awa guda, muka ji shi kamar a bayan katanga. Da asuba ladan ya kira salla da muryarsa tsura, ba lasifika, muryar tana dukan duwatsu tana dawowa. Na girma a garin Shehu, masallatai kewaye da ni, amma ranar na fara jin kiran salla kamar yadda kakannina suka ji shi, har na rasa abin da ya kawo ƙwalla idona.

Abin da ya sa nake ba da wannan labari shi ne wani littafi mai baƙin bango da aka miƙo mini ranar da zan sauka, in rubuta sunana. Na buɗe shi tun daga farko. Faransawa, Jamusawa, Italiyawa, 'yan Suwizalan, shafi bayan shafi. Na nemi suna ɗaya daga Kano ko Katsina ko Maraɗi ko Sakkwato, ban samu ba. Mai zangon ya ce, "Mutanenku suna zuwa gindin dutse sayen albasa, amma ba su hawowa. Kai ne na farko da ya zo don ya gani kawai." Mutanen da sai sun haye teku sun cika littafin, mu da hanya ta miƙe daga ƙofarmu, kuma harshenmu ne ake ciniki da shi a kasuwannin ƙasar, babu mu.

Bayan wata goma sha huɗu, a Fabrairun 2007, tawaye ya sake ɓarkewa a Abzin da harin Iferwan, aka binne nakiyoyi a hanyoyi. A Satumbar 2010 aka sace mutum bakwai a Arlit, biyar daga cikinsu Faransawa. Ofisoshin jakadancin Turai suka shafa wa yankin jan fenti a taswira, jiragen da ke kawo masu yawon buɗe ido Agadas suka daina sauka. Jagorori da direbobi da masu jakuna da maƙeran azurfa suka wayi gari babu sana'a. Wasu suka koma jigilar baƙin haure zuwa Libiya, wasu suka bi zinaren da ya ɓulla a Jado a 2014. Zangon da ya dogara da baƙon nesa kaɗai, ranar da aka gaya wa baƙon kada ya zo, ranar ya mutu. Da a ce rabin sunayen littafin nan namu ne, na maƙwabta masu zuwa a motar haya, da bukkokin ba su rushe da wuri haka ba, domin maƙwabci yakan san lokacin da hanya ta yi kyau tun kafin jakada ya ji labari.

Na san abin da za a ce: kwana a tanti wasan Turawa ne, mutanen da daɗi ya ishe su har suke sayen wahala da kuɗi. Wannan magana tana ba ni takaici, don ta nuna yadda muka manta kanmu. Kalmar zango wa ya ara mana ita? Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro watanni suke yi a hanya, kullum sai an sauka an kafa, an tashi an kwashe. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya da masauki, yana da uban dawaki, yana da malami. An san inda ake ɗaure jakuna, da inda ake tara kaya, da yadda ake kewaye wuri da ƙaya, da wanda zai yi tsaron dare. Ilmi ne cikakke, a ƙafa ake koyonsa. Sawunsa yana nan a taswira: Zangon Daura, Zangon Katab, da unguwannin Zango na Kumasi da Ankara, inda masaukin fatake ya zama gari. Alhazan ƙasa sun ratsa Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, zango bayan zango, wasu shekaru suka yi. Bafulatani har yau yakan tayar da gida cikin awa guda ya ɗora wa sa. Jama'ar Shehu da ta bar Ɗegel zuwa Gudu a Fabrairun 1804 a sansani ta zauna, daga wannan zuwa wancan, shekara da shekaru, kafin a sami garin da muke taƙama da shi. Duk wanda ya sauke farali kuwa ya kwana a tantin Mina, ya kwana a filin Muzdalifa babu rufi. Game da iskokin da kakata take tsoro, ya ishe mu tuna cewa a kogon dutse wahayi ya fara sauka.

Akwai mai cewa mutumin da bai ci ya ƙoshi ba ina shi ina hawan dutse. Gaskiya ne akwai gidaje da yawa da ko kuɗin mota zuwa Kware sai an yi lissafi, kuma ba da su nake ba. Ina magana da masu iya kashe kuɗin wata uku a ankon biki ɗaya, da makarantun kuɗi masu kwasar yara zuwa babban kanti a Abuja su kira shi yawon ilmi. Kwana ukun da na yi a Bagazam bai kai kuɗin ɗinkin salla ba. Kuma na ga inda kowane dala ya shiga: mai jaki, yaron da ya ja ni, matar da ta sayar mini da cuku, asusun ƙauye na gyaran rijiya. Babu ɗan tsakiya, babu kamfani.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta tsaro, kuma ba zan yi mata kwana-kwana ba. Dutsen da ya fi kusa da mu mai suna shi ne na Kwatarkwashi, dab da Gusau, wanda duk mai bin hanyar Funtuwa yake hangensa. Yau ba zan ce wa kowane uba ya kai ɗansa ya kwana a gindinsa ba. Gudu, inda Shehu ya yi hijira, ita da Tangaza, sunansu ya koma fitowa a labarai tare da Lakurawa, musamman tun Nuwambar 2024 da rundunar soja ta yi shelar ɓullarsu. Gandun Kamuku na Birnin Gwari, wanda gwamnatin tarayya ta keɓe don namun daji da masu ziyara, ya zama maɓoyar 'yan bindiga. A bakin yaranmu kalmar daji ta sauya ma'ana. Da wurin farauta ne da kiwo da tsintar ƙanya da magarya, yanzu in an ce an shiga da wane daji, sai a fara salati.

Amma ya kamata mu tambayi kanmu yadda dajin ya zama nasu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shekaru da yawa kafin bindiga ta iso, malaman daji sun ƙare ba a ɗauki wasu ba, hanyoyin gandu sun toshe, 'yan makaranta sun daina fita, 'yan boko sun ɗauki ƙauye wurin da ake gudu daga gare shi. Wurin da mutanen kirki suka daina takawa, wani zai taka. Ban ce tanti zai kori mai bindiga ba, wannan aikin hukuma ne, kuma wajibinta ne. Abin da nake cewa shi ne idan an kore su, in ba a mai da ƙafafun mutane wurin ba, za su dawo. Turbar da ɗalibai ke bi duk wata, wadda ƙauye ke cin abinci da ita, tana da idanu masu tsaronta. Ni a wurina, ranar da malamin firamare zai iya kwasar ajinsa su kwana a gindin Kwatarkwashi, iyaye su yi barci a gida hankali kwance, ranar ce zan yarda zaman lafiya ya dawo, ba ranar da aka yi taron manema labarai ba.

Tsorona ɗaya ne: kada wani ya karanta wannan ya ce to a ba da kwangila. Mun san yadda abin yake tafiya. Da an ambaci yawon buɗe ido sai a zana otal mai hawa uku, da zauren taro, da wurin wanka, a share rabin dutsen a zuba siminti. A Obudu, jihar Kuros Riba, an kafa motar igiya mai tsawon kusan kilomita 4 a 2005, duk ƙasa ta yi ta magana, daga baya ta shafe shekaru a tsaye, domin abin da aka gina da kuɗi mai yawa da kuɗi mai yawa ake riƙe shi, gwamnati kuwa tana sauyawa. Bukkar kaba in iska ta yaye ta, mata biyu za su mai da ita kafin la'asar. Kan dutse ba ya ɗaukar taro. Ruwansa kaɗan ne, itacensa kaɗan ne, ƙasarsa in ta zaizaye ba ta dawowa. Ko Ebares, dutsen da ya fi kowanne tsawo a duniya, sai da shara ta yi masa yawa har gwamnatin Nepal ta sa doka a 2014 cewa kowane mai hawa ya sauko da kilo 8 na tarkace. Mu da baƙar leda ta riga ta cinye mana magudanai, in muka kai ɗari biyar kan dutse rana ɗaya da lasifika da shinkafar roba, mun kashe wurin a mako guda. Ƙanƙantar zango ita ce amfaninsa. A ƙayyade yawan masu kwana, a bar shi a hannun mutanen ƙauyen da ke kusa, hukuma ta tsaya ga hanya da tsaro da horar da jagorori.

Kuma ba daga babu za a fara ba. A duwatsun Shere, gabas da Jos, masu kai mita 1,800 da 'yan kai, akwai makarantar dutse ta cibiyar horar da matasa da aka fi sani da Man O' War, wadda asalinta Alec Dickson ya kafa a 1951 a gindin Dutsen Kamaru. Can ana koya wa matasa hawa da igiya da kwanan fili da dogaro da juna. Sai tsaunin Mambila a jihar Taraba, inda mota ke murɗawa daga Mayo Selbe ta hau Maisamari da Nguroje har Gembu, ƙasar ciyawa da hazo da gonakin shayi na Kakara. Kusa da nan gandun Gashaka Gumti yake, mafi girma a Najeriya, fiye da murabba'in kilomita 6,000, kuma a can Chappal Waddi yake, mai mita 2,419, wanda babu dutsen da ya kai shi a ƙasar nan. Basakkwace ya kamata ya ji wani abu game da wurin, domin ƙaramar hukumar da hedikwatarta ke Gembu sunanta Sardauna. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, da Arewacin Kamaru ya zaɓi zama cikin Najeriya, aka raɗa wa lardin sunan sarautar Ahmadu Bello, ɗan Rabah, saboda rawar da ya taka. Mun ba wurin suna, amma a unguwarmu ban san mutum biyar da suka taɓa ganinsa ba. Waɗannan wurare su ma sun ga nasu rikicin, don haka tafiya sai da tambaya da jagora ɗan gari, kamar yadda fatake suke yi.

Masu kai yaran ma muna da su. 'Yan agaji na ƙungiyoyin addini suna yin sansani duk shekara, 'yan sikawut suna nan, ƙungiyar ɗalibai Musulmi tana tara dubbai a lokacin hutu. Sai dai kusan duk a cikin katangar makaranta ake yi, a kwana a aji, a ci daga babbar tukunya. A fitar da ashirin daga cikinsu, a kai su inda za su ɗebo ruwa da kansu, su auna itace, su ji sanyin da zai sa su matsa kusa da wanda ba su sani ba. 'Yan mata ma a yi musu nasu, da malamansu mata, domin matan da na gani a Bagazam su ke kafa bukka su ke kwance ta, su ke kora awaki cikin duwatsun da ni na hau da ƙyar. Yaron da ya ga ruwa yana ƙarewa a salka ba sai an yi masa lacca a kan hamada ba. Wanda ya ci gurasar Ba'abzine, ko ya sha nonon Bafulatanin Mambila a cikin hazo, zai yi wuya a zo daga baya a gaya masa waɗannan mutane dodanni ne.

Baba ya rasu shekaru kaɗan bayan ziyarata, wani direban albasa ya kawo mini labari. Allah ya jiƙansa. Hanyar Abzin a yanzu ba ta biyuwa ga mai iyali, ga kuma tsamin da ya shiga tsakanin Najeriya da Nijar tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, don haka ni da ɗana mun tsayar da Mambila, hutun Disamba in Allah ya kai mu. Na sa shi ya nemo hanyar da kansa, ya rubuta garuruwan da za mu sauka, ya lissafa kuɗin mota daga Sakkwato zuwa Jalingo, daga Jalingo zuwa Gembu. Abokansa biyu sun ce za su, iyayensu suna shawara. Shekaranjiya ya dawo daga wurin 'yan gwanjo da barguna biyu a kafaɗa, gumi yana zuba masa, ya ce mai kayan ya rage masa kuɗi don babu mai taya bargo a watan Afrilu.